Gonar da ta fi ƙarfin magadanta

Wanda ya fita daga birnin Dijon a gabashin Faransa ya miƙi hanya ya yi kudu, zai ga wani dogon tudu a hannunsa na dama yana biye da shi har kusan kilomita 60, ya wuce garin Beaune, ya dire wajen Santenay. Tudun ba wani tsayi gare shi ba, faɗin gangarensa kuma a wurare da yawa bai kai kilomita biyu ba. Samansa kurmi ne, ƙasansa fili ne da ake noman hatsi. A tsakiya kuwa, inda gangaren ya fuskanci gabas rana tana samunsa tun da sassafe, babu abin da aka dasa sai inabi, layi bayan layi, kimanin gindi dubu goma a kowace hekta. Nan ne Côte d'Or, cibiyar yankin Burgundi, wanda Faransawa ke kira Bourgogne.

Daga bakin hanya sai ka ɗauka gonar mutum ɗaya ce. Alhali an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunansa da iyakarsa, wani an kewaye shi da katangar dutse, wani kuma 'yar siririyar hanya ce kawai ta raba shi da maƙwabcinsa. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2015, an ƙirga irin waɗannan yankuna masu suna har 1,247. A cikin kowane yanki ma masu shi suna da yawa. Gonar Clos de Vougeot hekta 50 ce cikin katanga ɗaya, amma mutum sama da 80 ne ke da rabo a ciki. Akwai wanda rabonsa 'yan layuka ne da za a iya ƙirga su a tsaye. Ya san inda nasa ya fara da inda ya ƙare ba tare da wata alama ba, kuma ba zai yarda a taɓa masa ganye ɗaya ba.

Gara in faɗa tun yanzu: abin da ake yi da wannan inabi giya ce. Hukuncinta a Musulunci sananne ne, ba ni da abin ƙarawa a kai, kuma ba tallarta na zo yi ba. Faransawan kansu sun ga illarta. A shekarun 1960 abin da mutum ɗaya ke sha a shekara ya haura lita 100, yau ya sauko zuwa wajen 40, kuma tun 1991 dokar Évin ta taƙaita yadda ake tallar barasa a ƙasar. Abin da ya ja hankalina ga mutanen Burgundi shi ne nomansu. Ban san wasu manoma da suka ƙure sanin ɗan taƙin ƙasarsu kamar su ba, ban kuma san wasu da wannan sanin ya jefa cikin irin tsaka mai wuyar da suke ciki a yau ba.

Masu zuhudun Kirista ne suka aza harsashin. Gidan zuhudu na Cluny an kafa shi a 910, na Cîteaux kuma a 1098, sarakuna da attajirai suka riƙa ba su gonaki sadaka. Su mutane ne masu karatu da rubutu, ba sa gaggawa, kuma gonarsu ba ta shiga rabon gado, don haka suka sami ɗaruruwan shekaru suna lura: wannan kusurwar tana riga waccan nuna, nan ruwa yana kwanciya, can dutse yana kusa da fuska. Sarauta ma ta sa baki. A 1395 mai mulkin Burgundi, Philippe le Hardi, ya ba da umarni a tuge irin inabin da ake kira Gamay, mai yawan 'ya'ya, a bar Pinot Noir wanda ba ya cika kwando amma ya fi daraja. Har gobe Pinot Noir ne baƙin inabin gangaren, Chardonnay kuma farinsa.

Juyin juya halin 1789 ya ƙwace gonakin coci da na sarakunan da suka gudu, aka yi gwanjonsu. Sai dokar Napoliyon ta 1804 ta ce dukiyar uba a raba ta tsakanin 'ya'yansa, babu babba babu ƙarami, babu namiji babu mace. Tun daga nan kowace mutuwa takan ƙara tsaga gonar, kowane aure kuma yakan haɗa wasu tsage-tsagen. Shi ya sa gandun iyali a Burgundi ba ya zama wuri ɗaya. Galibinsu ba su kai hekta goma ba, kuma a warwatse suke: ɗan yanki a wannan ƙauye da aka gada wajen kaka, wani a ƙauyen gaba da uwa ta shigo da shi, wani kuma haya ce daga hannun ɗan'uwan da ya koma Paris. A ƙauyen Vosne-Romanée, zuri'ar Gros kaɗai ta rabu zuwa gidaje da dama masu zaman kansu, irin su Michel Gros da Anne Gros da Gros Frère et Sœur, duk jini ɗaya, kowa da rumbunsa.

Aikin shekara yana farawa ne cikin hunturu, lokacin da ganye ya zube kurangar ta zama kamar busasshen icce. A nan ake yi mata aski, kuma duk wanda ya san sana'ar zai ce maka wannan shi ne aikin da ya fi kowanne. Da almakashi ake bi, gindi bayan gindi, a duƙe, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. A tsarin da aka fi bi, wanda ke ɗauke da sunan likita Jules Guyot na ƙarni na 19, mai aski yakan bar dogon reshe ɗaya da za a kwantar a ɗaure jikin waya, da ɗan guntu ɗaya da zai ba da reshen baɗi, ya datse sauran. Yawan idon da ya bari shi ne yawan 'ya'yan da za a samu. In ya bar da yawa, inabin ya yi ruwa-ruwa. In ya yanka a inda bai dace ba, ciwon ya zama ƙofar cutar da za ta kashe gindin bayan shekaru. Mai hekta bakwai yana da gindi dubu saba'in da zai tsaya a kan kowanne ya yanke shawara. Rassan da aka datse kuma ana ƙona su nan take cikin wani baro da aka ƙera da tsohuwar gangar ƙarfe, ana tura shi tsakanin layuka, yana cin shara yana ɗuma hannu.

A tsakiyar wannan aski, ranar 22 ga Janairu, ake bikin Saint Vincent, wanda manoman inabi suka ɗauka waliyyinsu. Bayan shagalin akwai abin da ya fi burge ni. Kusan kowane ƙauye yana da ƙungiyar taimakon juna mai ɗauke da sunansa, kuma ƙa'idarta ita ce idan ɗan ƙungiya ya kwanta ciwo ko ya rasu ya bar iyali, sauran su fito su yi masa aikin gonarsa. Gayya ke nan kamar yadda muka san ta, illa dai su sun rubuta tasu a littafi, har da tarar wanda ya ƙi fitowa a zamanin da.

Da bazara ta shigo sai toho ya fito, aikin ya ninka. A fizge tohon da ya yi yawa da hannu, a ɗaga rassa a sa su tsakanin wayoyi, a rage musu tsawo, a yi huɗa tsakanin layuka. Layukan a matse suke, don haka taraktar wurin doguwar ƙafa gare ta, tana tafiya ne ta saman layi. Wasu gidajen ma sun koma ga doki da garma don kada nauyin inji ya danne ƙasa. Ban ruwa babu shi, kurangar ce za ta tura saiwarta cikin tsagar dutse ta nemo wa kanta. Idan ruwan sama ya wanke ƙasa ya gangarar da ita, akan kwashe ta a mayar da ita sama, aikin da kakanni suka yi da kwando a baya. Ga kuma cututtukan fumfuna guda biyu da suka shigo daga Amurka a ƙarni na 19, ɗaya ana yaƙarta da farar wuta, ɗaya da haɗin tagulla da farar ƙasa da aka gano a Bordeaux a shekarun 1880. A shekara mai yawan ruwa, manomi ba ya ajiye abin feshi. Kurangar tana yin fure a watan Yuni, kuma tsohon lissafin manoma shi ne kwana ɗari daga fure zuwa girbi.

Duk wannan tsari na layuka da waya bala'i ne ya haife shi. A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna phylloxera ya shigo kudancin Faransa a jikin dashen da aka kawo daga Amurka. Saiwa yake ci, gindin ya yi ta ramewa har ya mutu. A 1878 aka gan shi a Meursault, cikin Burgundi. An gwada ambaliyar gona, an gwada ɗura guba a ƙasa, ba a kai labari ba. Maganin da ya yi aiki shi ne aure: a samo saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a aura mata reshen Pinot Noir ko Chardonnay a kai. Manoman Burgundi sun daɗe suna ƙi, suna tsoron baƙuwar saiwa za ta canza musu ɗanɗano, sai a 1887 aka halatta. Kafin nan a cakuɗe ake dasa inabi, ana turbuɗe reshen tsohon gindi ya zama sabo, aikin duk na fartanya ne. Da aka zo sake dashe sai aka jera shi don doki ya iya ratsawa. Gonar Romanée-Conti, wadda ba ta kai hekta biyu ba, ta yi taurin kai ta riƙe tsofaffin saiwoyinta har 1945. Bayan girbin shekarar aka tuge su, aka sake dashe a 1947, ba a kuma samu abin sayarwa daga gonar ba sai 1952. Sabon dashe yana ɗaukar shekara uku kafin a fara ɗibarsa, ba ya kai ganiyarsa sai ya yi shekaru ashirin ko fiye, yana kuma iya wuce shekara sittin. Wanda ya dasa yana da shekara hamsin ya san 'ya'yansa yake yi wa.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, manomin Burgundi talaka ne mai kaushin hannu, sunansa ba ya fita ƙauyensu. Yakan sayar da abin da ya samu a ganga ga manyan 'yan kasuwar Beaune da Nuits-Saint-Georges, su ne ke zubawa a kwalba su sa sunansu. Da yawansu suna algus: su haɗa da mai arha daga kudancin Faransa ko daga Aljeriya, su liƙa sunan fitacciyar gona. Wasu manoma suka tashi tsaye a shekarun 1920, cikinsu akwai Marquis d'Angerville na Volnay, da Henri Gouges na Nuits-Saint-Georges, da Armand Rousseau na Gevrey-Chambertin. Suka yi ta ƙorafi har gaban kotu, 'yan kasuwa suka juya musu baya, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930. Dole ta sa suka fara zuba nasu a kwalba da kansu, suna sayar wa mai saye kai tsaye. Daga nan sana'ar da muke magana a kai ta samo asali: iyali ɗaya su noma, su girbe, su sarrafa, su sa sunansu.

Gwagwarmayarsu ta taimaka wajen kafa dokar 1935 da ta tsare sunayen wurare, wadda ta fayyace iyakar kowace gona, irin da za a dasa, da iyakar abin da za a ɗiba a hekta. An jera gonakin hawa-hawa, a can ƙoli akwai guda 33 da ake kira grand cru, waɗanda abin da suke bayarwa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na duk yankin ba. A jikin kwalbar Burgundi sunan gona ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe, na mai gona yana ƙasa, na irin inabin kuwa sau da yawa ba a ma ambatarsa. Ƙauyukan kansu sun daɗe da gane inda darajar take. A 1847 Gevrey ta nemi izini ta jingina sunanta da na gonarta mafi shahara, ta zama Gevrey-Chambertin. A 1879 ƙauyuka biyu, Puligny da Chassagne, duk suka ɗauki sunan Montrachet, gonar hekta takwas da ke kan iyakarsu.

Idan ana son ganin sana'ar a jikin mutum ɗaya, a duba Henri Jayer na Vosne-Romanée. An haife shi a 1922. Yaƙin duniya na biyu ya ɗebe yayyensa zuwa fagen daga, shi kuma ya bar makaranta ya kama gonar gida yana matashi. Daga 1945 ya shiga noma wa gidan Camuzet gonakinsu bisa yarjejeniyar raba amfani biyu, rabi nasa rabi na mai ƙasa, ya yi shekaru kusan arba'in a haka. A saman shahararriyar gonar Richebourg akwai wani yanki mai suna Cros Parantoux, kimanin hekta ɗaya, mai sanyi, dutse tsantsa, wanda aka yi watsi da shi bayan ƙwaron nan har aka shuka wani irin tushen abinci a ciki lokacin yaƙi. Kowa ya raina wurin. Jayer ya fara saye kaɗan-kaɗan tun daga 1951, ya fasa dutsen da nakiya, ya dasa. Sai da ya jira har 1978 kafin ya ga kurangar ta isa a sa sunan gonar ita kaɗai a kwalba. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana kallon dashe.

Ra'ayinsa a bayyane yake. Ya ƙi yawan takin zamani, ya fi son huɗa a kan maganin ciyawa, ya rage yawan 'ya'ya, kuma duk ƙwayar da ta ruɓe sai an tsince ta an zubar kafin ta shiga rumbu. Yana kuma cire karan nonon inabi gaba ɗaya kafin a tsima shi, alhali maƙwabtansa na gidan Romanée-Conti, waɗanda gonarsu ba ta fi tafiyar 'yan mintuna daga tasa ba, sukan bar karan. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma ina ganin ba za a raba ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jayer ya rasu a 2006. 'Ya'yansa mata biyu ba su bi sana'ar ba, wani ɗan dangin matarsa, Emmanuel Rouget, wanda ya koya a hannunsa, shi ya ci gaba da gonakin. A 2018 aka yi gwanjon kwalabe dubu da 'yan kai da suka rage a rumbunsa a birnin Geneva, aka tashi da kusan Yuro miliyan 30. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana noman gonar wani ke nan.

Aikin rumbu ba shi da tsawon bayani kamar na gona, kuma manoman kirki su ne ke fara faɗin haka. Ana zuba baƙin inabi cikin manyan tukwane na katako ko na ƙarfe, ya tsimu mako biyu zuwa uku, ana danna ɓawon da ya taso sama. Fari kuma matse shi ake yi tun farko. Daga nan sai ganga, mai cin lita 228, wato wajen kwalba 300, wadda maƙeran ganga ke yi da katakon dazuzzuka irin su Tronçais. A rumbun ƙarƙashin gida yake kwana shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana cike gurbin abin da katako ya shanye. Kowane yankin gona gangarsa daban, ko da abin da ya bayar ganga ɗaya ce tak. Mai gida shi ne manomi, shi ne mai rumbu, shi ne akawu, shi ne mai karɓar baƙi.

Akwai lokacin da suka kusa kashe ƙasar da hannunsu. Bayan yaƙi, a shekarun 1960 da 1970, kamfanoni suka kawo takin zamani da maganin ciyawa, aiki ya yi sauƙi, aka ajiye garma, kwando ya cika. Sai ƙasa ta taurare, tsutsa ta ɓace, saiwa ta daina nutsawa. Cikin waɗanda suka fara juyawa akwai mata biyu. Lalou Bize-Leroy ta kafa gandunta a 1988 ta haramta wa kanta duk wani maganin kamfani, a 1993 fumfuna ta cinye mata amfani mai yawa, mutane suka yi ta surutu, ba ta janye ba. Anne-Claude Leflaive ta Puligny-Montrachet ta fara gwaji a 'yan yankuna a farkon shekarun 1990, kafin shekarun su ƙare ta mayar da gandun gidansu gaba ɗaya kan wannan hanya. Tsarin da suka bi yana da abubuwan da ban gamsu da su ba, irin su bin kwanan wata da taurari wajen aikin gona. Amma komawa ga huɗa da takin gargajiya da yawan zagaya gona a ƙafa, wannan kowa ya ga amfaninsa, har waɗanda suka yi musu dariya sun bi sahu. A da ɗa namiji ake ajiye wa sana'ar. Da likita Georges Mugneret na Vosne-Romanée ya rasu a 1988, matarsa da 'ya'yansa mata biyu ne suka riƙe gidan Mugneret-Gibourg, suka ƙara ɗaga sunansa, yanzu kuma 'ya'yansu mata sun shigo aikin.

Sama ita ce ba ta da mai lallashi. Ƙanƙara ta faɗo wa Volnay da Pommard shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, cikin 'yan mintuna ta kakkarya aikin shekara. A ƙarshen Afrilun 2016 sanyin asuba ya daskarar da raɓa a kan sabon toho, rana ta fito ta ƙone shi. Asarar ta kai ga wasu gidaje masu rabo a Montrachet, har da Leflaive da Comtes Lafon da Romanée-Conti, sai da suka haɗa ɗan abin da suka tsira da shi wuri ɗaya, duka-duka ya ba da ganga biyu. A Afrilun 2021 abin ya sake dawowa, iyalai suka kwana a gona suna kunna dubban gwangwanayen kyandir tsakanin layuka don ɗaga zafin iska da ɗan kaɗan, duk da haka da yawa suka rasa rabin amfaninsu ko fiye. Ɗumamar yanayi ce ke sa toho ya yi sammakon fitowa, sanyin Afrilu ya riske shi. Garin Beaune yana da tarihin ranakun fara girbi tun daga 1354, kuma masanan da suka bi diddiginsa sun nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 girbi ya matso gaba da kwana 13 a kan yadda aka saba a ƙarni shida da suka gabata. A 2003 da 2020 cikin watan Agusta aka shiga gona.

Girbin da hannu ake yi a manyan gonaki, cikin mako ɗaya ko biyu, don haka gida mai mutum biyar yakan ɗauki mutum talatin ko arba'in. Masu yanka suna duƙe da almakashi, masu dako suna hawa da sauka da kwando a baya. A da ɗalibai ne da dangi, a ci tare a kwana tare, ranar ƙarshe a yi walimar da suke kira paulée. Yanzu da yawa baƙi ne daga gabashin Turai da Afirka, ta hannun 'yan kwangila, kuma a nan sana'ar take da tabon da ba a son faɗa. A yankin Champagne da ke arewa da Burgundi, a girbin 2023, ma'aikata sun mutu cikin tsananin zafi, aka kuma gano wasu fiye da hamsin, galibi 'yan Afirka ta Yamma marasa takardu, an cusa su a wani ruɓaɓɓen gini. Kotu ta hukunta waɗanda suka ɗauke su a 2025. Duk mai yabon kyan gonakin inabin Faransa ya kamata ya riƙa tambayar wa ya duƙa a cikinsu, nawa aka biya shi, ina ya kwana.

Abin da ya fi ƙanƙara da sanyi razana iyalan nan a yau shi ne kuɗi. Sunan da kakanninsu suka yi wa gonakin ya kai Amurka da Japan da Hong Kong, masu nema suka yi yawa, ƙasar kuwa ba ta ƙaruwa. A Oktoban 2018 an sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta 1945 a gwanjon Sotheby's a New York a kan Dala 558,000. Farashin ƙasa ya bi sahu: matsakaicin kuɗin hekta ɗaya ta grand cru ya haura Yuro miliyan 6, fitattun cikinsu kuma sun ninka haka sau da yawa. Manomin da ke yawo da tsohuwar mota da takalmin roba ya wayi gari attajiri a takarda. Muddin yana raye babu damuwa. Ranar da ya rasu ne hukumar haraji za ta ƙiyasta gonar a farashin kasuwa, kuma harajin gado tsakanin uba da ɗa a Faransa yana kaiwa kashi 45 cikin ɗari a babban mataki. Amfanin gonar na shekaru masu yawa ba zai biya wannan ba. Ga kuma 'yan'uwa: cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne ke noma, sauran ukun suna birni, hayar da yake ba su ba ta kai komai ba idan aka gwada da abin da za su samu in an sayar. Ba na ganin laifinsu, haƙƙinsu ne. Sai dai wanda ya san gonar shi ne ba shi da halin sayenta.

Haka gidaje suka fara fita daga hannun masu su. Da Philippe Engel ya rasu a 2005 ba tare da wanda zai gaje shi a gona ba, dangi suka sayar wa attajiri François Pinault gandun a shekarar da ta biyo, aka canza masa suna zuwa Domaine d'Eugénie. Kamfanin kayan ƙawa na LVMH ya sayi gonar Clos des Lambrays a 2014. A 2017 Pinault ya ƙara da Clos de Tart, gonar hekta bakwai da rabi da mata masu zuhudu suka kafa a 1141, wadda iyalin Mommessin ke riƙe da ita tun 1932, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura Yuro miliyan 200. A shekarar dai, Stan Kroenke, Ba'amurken nan mai ƙungiyar Arsenal, ya sayi kaso mafi tsoka na gandun Bonneau du Martray daga iyalin da suka yi kusan ƙarni biyu a kan tudun Corton. Sababbin masu gonakin ba sa wasa da aiki, suna ɗaukar ƙwararru, suna kashe kuɗi. Amma manajan da aka ɗauka aiki yana iya tafiya bayan shekara biyar, kuma kowane irin wannan ciniki yana ƙara ɗaga farashin da za a auna gonar maƙwabci da shi ranar rabon gadonsa.

Iyalan da suka rage suna ta dabara. Wasu sukan zuba ƙasar cikin kamfanin iyali, kowane magaji ya riƙe hannun jari, kamfanin ya ba mai noman haya ta dogon zango. Wasu sukan fara miƙa wa 'ya'ya kyauta kaɗan-kaɗan tun suna da ƙarfinsu. Ƙungiyoyin manoma sun yi shekaru suna matsa wa gwamnati, har kasafin kuɗin 2025 ya faɗaɗa rangwamen haraji a kan gonar da aka gada, bisa sharaɗin iyali su riƙe ta shekara 18 ba su sayar ba. Wannan zai taimaki wanda ya riga yana da ƙasa. Matashin da ya fito daga makarantar koyon noman inabi ta Beaune ba shi da gadon kowa, shi kam ba ya ma tunkarar gangaren. Ko dai ya sayi inabi a hannun wasu ya sarrafa a ɗan rumbun haya, ko ya haura bayan tudun zuwa Hautes-Côtes, inda a da sanyi ke hana inabi nuna sosai, yanzu kuma zafi ya fara isa, ƙasa tana da sauran sauƙi. Wasu sun yi kudu zuwa Mâconnais da Beaujolais, suna noman Gamay ɗin da aka kora daga gangaren a 1395, a gonakin da har yanzu manomi zai iya saye da bashin banki ya biya da guminsa.